Maraya Ba Buhun Albasa Ba Ne



Akwai wata magana da ta kama bakin matasanmu, musamman mu da muka ɗan shiga aji. Da zarar mun ga yaro da roba a hannu yana bin motoci a shataletalen Jega, ko mun ga mace mai takaba da yara biyar a ɗaki ɗaya, sai wani cikinmu ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Ina ma a sami wata ƙungiya ta kwashe yaran nan ta kai su Turai, su huta." Sai kowa ya gyaɗa kai. Mai faɗin haka ba mugu ba ne, tausayi ne ya sa shi faɗi. Amma mun daɗe muna jin maganar tana yi mana ƙaiƙayi, yau dai za mu sosa.

Abin da ya ƙara tunzura mu shi ne wani abu da muka gani da idonmu a unguwarmu. Wani bawan Allah ya zo da fom da wayar ɗaukar hoto, ya ce wata ƙungiya ce daga waje take neman sunayen marayu. Kafin la'asar mata sun yi layi. An ɗauki hoton kowane yaro, an rubuta sunansa, uwa ta dangwala yatsa a ƙasan takardar da aka rubuta da Turanci. Ko mace ɗaya ba ta ce a karanta mata ba, mu ma da muke tsaye muna da difloma a aljihu ba mu ce a ba mu mu duba ba. Mu ƙaddara shinkafa da sabulu kawai mutumin ya yi niyyar rabawa. Yatsan da aka dangwala a kan buhun shinkafa, haka za a dangwala shi ranar da takardar take cewa "na sallama ɗana har abada".

Mu 'yan wannan yanki ba a koya mana dillanci. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar albasa ta Aliero lokacin kaka ya san yadda abin yake. Manomi na da kaya, baƙo na da kuɗi da tirela, dillali na tsakiya. Dillali ba ya samun la'ada sai buhu ya hau mota. Idan manomi ya ce ya fasa, zai mayar da albasarsa gida ya ajiye sai ta yi tsada, dillali ya tashi a tutar babu. Don haka duk daɗin bakinsa, duk rantsuwarsa, wuri ɗaya suka nufa: kaya su tafi. Ba mu ga laifinsa ba, sana'arsa ke nan, kuma albasa ba ta da uwa.

To, kamfanonin da ke haɗa iyalan Turai da Amurka da yaran ƙasashen matalauta, a kan wannan tsarin suke. Ma'aurata a can suna biyan dubban daloli, sau da yawa dubu goma-goma, a kan yaro ɗaya. A cikin kuɗin nan ne kamfani ke biyan ma'aikatansa, ya biya lauya, ya biya gidan marayun da ya ajiye yaron, ya biya wanda ya shiga ƙauye ya nemo shi. Duk wannan layin mutane ba mai ganin sisi idan aka binciko cewa yaron yana da kawu a gari na gaba wanda zai riƙe shi. Ranar da yaro ya koma hannun danginsa, ranar asara ce a littafin kamfani. Ku ajiye maganar ko ma'aikatan mutanen kirki ne ko a'a. Ko waliyyi ka ɗora a kujerar da ba a biyansa sai yaro ya hau jirgi, ka sa shi a jarrabawa.

Wurin da dillalin yara yake cin kasuwarsa kuwa, kalmomi biyu ne da muke fahimta daban da yadda takarda take fahimtarsu.

Ta farko ita ce riƙo. A wurinmu ba da ɗa riƙo ba baƙon abu ba ne. Yarinya ta tashi a Maiyama, gwaggonta ta Jega ta ɗauke ta tun daga yaye, ta yi mata tarbiyya, ta aurar da ita. Duk tsawon shekarun nan yarinyar ta san ubanta, da sunansa ake kiranta, da salla tana zuwa gida, idan ya rasu tana cikin magada, ranar ɗaurin aure danginsa ne waliyyai. Idan riƙo ya yi tsami, uwa ta yafa mayafi ta je ta ɗauko abinta. Abin da malamai ke kira tabanni, wato ka mayar da ɗan wani naka har ka sauya masa uba, shi ne Suratul Ahzab ta soke, a kan ƙissar Zaidu ɗan Harisa, aka umarci a riƙa kiran kowa da sunan mahaifinsa. To tabannin nan shi ne ainihin abin da kotunan Turai da Amurka ke yi. Alƙali ya buga hatimi, a fitar da sabuwar takardar haihuwa da sunan wasu iyaye, uwar da ta haifa ta zama bare a idon doka. Ba ta da ikon ganinsa, ba ta da ikon sanin inda yake. Idan dillali ya zauna a kan tabarma ya ce wa bazawara "za a riƙe maki shi, a sa shi makaranta", ita riƙon gwaggo take ji. Takardar da ke cikin jakarsa kuwa tabanni take faɗi.

Ta biyu ita ce maraya. Mu wanda ubansa ya rasu muke kira maraya, ko da uwarsa na nan da ranta, ga kakanni, ga baffanni cike da gida. Baturiyar da ke zaune a ɗakinta tana duba hotuna, idan ta ga an rubuta maraya, yaron da ba shi da kowa a duniya take gani. Da kalma ɗaya an yaudari mata biyu, ita da uwar yaron.

Kada wani ya ce muna ƙirƙira. A ranar 25 ga Oktoban 2007, a garin Abeshe da ke gabashin Chadi, jami'an tsaro suka tare wasu Faransawa 'yan wata ƙungiya mai suna L'Arche de Zoé suna shirin loda yara 103 a jirgi zuwa Faransa. Sun ce marayun yaƙin Darfur ne suke ceto. An naɗa wa wasu yaran bandeji don a ɗauka marasa lafiya ne za a fitar neman magani, alhali ba ciwo a jikinsu. A can Faransa iyalai sun riga sun biya dubban yuro, suna filin jirgi suna jira. Da UNICEF da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Red Cross suka zauna da yaran, sai 91 daga cikinsu suka nuna suna da aƙalla babba ɗaya da suke kira uwa ko uba. Mafi yawansu 'yan Chadi ne, daga ƙauyukan bakin iyaka wajen Adre da Tine. Iyayen sun ce makaranta aka yi musu alkawari, a nan cikin ƙasarsu.

Ku lura da abu biyu a wannan shari'ar. Faransawan nan ba su jin yaren ƙauyukan, ba su san ƙofar gidan kowa ba. 'Yan gari ne suka shiga gida-gida suka kawo musu yara, har kotu ta ɗaure biyu daga cikin masu shiga tsakanin. Da ɗan gari akan ci gari. Sannan ku dubi ƙarshen abin. A watan Disambar 2007 kotu a Injamena ta yanke wa Faransawa shida shekara takwas-takwas da aiki mai tsanani, ta ce su biya iyalan diyyar sefa sama da biliyan 4. Kwana kaɗan aka mayar da su Faransa su yi zaman a can. A ƙarshen Maris ɗin 2008 Shugaba Idriss Deby ya yi musu afuwa. Wata uku ke nan da yanke hukunci. Iyalan yaran kuwa sun yi shekaru suna kukan ba su ga diyyar ba.

Wani zai ce ai waɗannan 'yan ta-kife ne, ba su bi doka ba, kamfani mai rajista ba zai yi haka ba. To mu je Yuganda, inda aka bi doka tsaf. Wani kamfanin jihar Ohio ta Amurka mai suna European Adoption Consultants yana da lasisi, yana da ofis, ya yi shekaru yana aiki. Yaran da ya fitar daga Yuganda sun bi ta gaban alƙali, an buga musu hatimi, an ba su biza. Daga baya ta fito fili cewa ana zuwa ƙauyuka ana yi wa iyaye alkawarin karatu, a kai yaran gidan marayu, a sa iyayen su sa hannu a takardun da ba su iya karantawa. A Disambar 2016 gwamnatin Amurka ta dakatar da kamfanin. A Agustan 2020 ta sa takunkumi a kan 'yan Yuganda huɗu, biyu daga ciki alƙalai ne, bisa zargin cin hanci a wannan harka. Wasu yaran sai da suka koyi Turanci a gidan da aka kai su, sannan suka iya gaya wa sababbin iyayensu cewa suna da uwa a gida, kuma ba ta taɓa yar da su ba. Hatimin kotu bai hana komai ba, shi ne ma ya wanke satar.

Kuma kasuwar nan yawo take yi, kamar yadda mai sayen albasa ke barin garin da kaya suka ƙare ya nufi na gaba. A 2004 Amurkawa sun ɗauko yara kusan 23,000 daga ƙasashen waje. Da Gwatemala ta rufe ƙofarta a 2008 saboda badaƙala, sai aka karkata Habasha, har a 2010 kaɗai aka kai yaran Habasha sama da 2,500 Amurka. Habasha ta ga abin da ta gani, majalisarta ta haramta a Janairun 2018. Holan ta dakatar da karɓo yara daga waje a 2021 bayan kwamitin da ta kafa ya tono abin kunya. Koriya ta Kudu, wadda ta fitar da yara wajen 200,000 tun bayan yaƙinta, hukumar bincikenta ta fito a Maris ɗin 2025 ta tabbatar cewa kamfanoni sun riƙa rubuta yara masu iyaye a matsayin tsintattu, har da musanya sunan wani yaro da na wani. Mutanen da aka yi wa haka yau sun yi furfura, suna yawo da takardar ƙarya suna neman uwar da wataƙila ta rasu tana jiransu. Ƙasashen da suka fi mu ma'aikata da kwamfuta da rajistar haihuwa sun kasa tsare abin. Mu da yara da yawa a ƙauyukanmu ba su da ko takardar haihuwa, da me muke taƙama? Duk ƙofar da aka rufe, masu nema ba su fasa nema ba, wuri suke sauyawa, kuma wurin da suke so shi ne inda ake da talauci da rikici da yara marasa takarda. Ku faɗa mana wanne ne babu a Arewa maso Yamma yau.

Idan har yanzu kuna ganin abin ya yi nisa, ku tsallaka Kamba ku shiga Nijar. A 2014 aka kama mutane da dama a Yamai, cikinsu da matan manya, bisa zargin sayo jarirai daga gidajen da ake tara 'yan mata suna haihuwa a kudancin Najeriya, a bi da su ta Benin, a shigo da su a matsayin 'ya'yan cikinsu. Shari'ar ta kai har kan shugaban majalisar dokokin ƙasar na lokacin, marigayi Hama Amadou, wanda kotu ta yanke wa shekara ɗaya a 2017. Shi dai har ƙarshe ya musanta, ya ce bi-ta-da-ƙullin siyasa ne, kuma ba mu zo nan don mu yi masa shari'a ba. Abin da ya shafe mu shi ne hanyar da aka bayyana a gaban kotu, da kuma cewa masu sayen ba Turawa ba ne. A Oktoban 2019 kuma 'yan sandan Kano suka nuna yara tara da aka sace daga unguwannin birnin aka sayar a Anacha, an sauya musu suna. A 2021 babbar kotun Kano ta yanke wa jagoran masu satar shekara 104. Ba mu kawo wannan don a zagi wata ƙabila ba, duk wanda ya shigo da wannan a ƙasan rubutun nan ya sauka daga kan maganar. Mai sata da mai saye da mai buga takardar bogi ba su da yare ɗaya, kuɗi ne ya haɗa su.

Ita kanta Birtaniya tun Maris ɗin 2021 ta sa takunkumi a kan ɗauko yara daga Najeriya. Dalilan da ta bayar ba masu daɗin ji ba ne: takardunmu ba abin dogaro ba ne, ba a iya tabbatar da asalin yaro, ga cin hanci, ga safarar yara. Akwai yarjejeniyar Hague ta 1993 da aka yi don sa ido a kan wannan harka, Nijar ta shiga a 2021, Najeriya ba ta shiga ba. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta ce mai ɗaukar yaro sai ya zama ɗan Najeriya, ta kuma hana ciniki a kai. Jiharmu ta Kebbi ta yi tata dokar a 2022. A takarda dai mun tsare gida. Amma duk wanda ya taɓa neman wata takarda a ƙasar nan ya san abin da 'yan dubbai ke iya yi.

Yanzu mu dawo kan mai ajiyar zuciya, don yana da hujja kuma ba za mu yi kamar ba mu ji ba. Zai ce, kun yi ta surutu a kan nasaba da suna, yaron nan fa yunwa yake ji. Wanne ya fi, ya girma a Turai da takalmi da likita, ko ya girma a tasha yana suɗin kwano? Gaskiya ne akwai yaran da ba su da kowa, akwai masu ciwon da asibitocinmu ba su iya wa, akwai kuma iyalai a waje da suka riƙe yaran da suka ɗauka da amana fiye da yadda wasunmu ke riƙe na cikinsu. Mun yarda. Amma a lissafa mana. Kuɗin da ake kashewa a fitar da yaro ɗaya, da za a ba uwarsa ko kashi ɗaya cikin goma, da ta ja jari, ta ciyar da shi da 'yan uwansa huɗu, ta sa su makaranta, tana kallonsu suna girma. Me ya sa tausayin bai taɓa biyowa ta wannan hanyar da irin wannan kuɗin ba? Saboda a wannan hanyar ba wanda zai koma gida da jariri, kuma ba la'ada. Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin yara ta 1990 ma cewa ta yi fitar da yaro waje shi ne mataki na ƙarshe, bayan an rasa yadda za a yi da shi a gida. Dillali kuwa da shi yake farawa. Kuma yaron tasha mai shekara goma sha biyu da ake kafa hujja da shi, ba shi kasuwar ta fi nema ba. Ƙanana masu lafiya ake rububi, waɗanda ba su isa su tuna hanyar gida ba.

Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Uwar da ta dangwala yatsa ba ta yi don ba ta son ɗanta ba. Ta yi ne don ranar da aka share makoki kowa ya watse. Baffan yaran da ya fi kowa kuka a maƙabarta shi ne ya riƙe gonar fadama ya ce sai sun girma, ya yi shekara bakwai yana noma ta, ko tiya ɗaya ba ta shiga gidan ba. Mun san irin waɗannan gidajen, wasunmu a cikinsu muka tashi. Riƙon da muka gama yabo a sama ma, mu faɗi gaskiya, sau nawa yake komawa bauta? 'Yar riƙo ce mai tashi da asuba, ita ce mai talla, ita ce ba a sa wa suna a makaranta, 'ya'yan gida na cin nama tana jiran ƙanzo. Muna buga ƙirji muna cewa addininmu ya hana tabanni, kuma gaskiya ne. Addinin nan dai shi ne ya yi wa mai cin dukiyar maraya alkawarin wuta, amma wannan ayar ba mu cika ɗaga murya a kanta ba.

Akwai kuma waɗanda ba ma son a ambata: jariran da ake tsinta a kwali a bayan gari ko a bakin kwata. Su ne abincin dillali na gaske, don ba mai zuwa nemansu. Mun ƙi su tun ba su buɗe ido ba, mun laƙaba musu sunan da zai bi su har kabari, a kan laifin da ba su suka yi ba, namijin da ya yi cikin kuma yana sahun gaba a masallaci. Littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu suna da babi a kan tsintaccen yaro, sun ce ɗaukarsa da kula da shi wajibi ne a kan al'umma, idan kowa ya ƙi kowa ya yi laifi. A ɗaya gefen ga matar da Allah bai ba haihuwa ba, kishiya na yi mata gori, uwar miji na yi mata habaici, har ta kai ga tura tsumma a ciki wata tara ta je ta sayo jariri. Ga yaro ba uwa, ga uwa ba ɗa, a gari ɗaya. Kunyar "me mutane za su ce" ta hana mu haɗa su a fili, da sunan riƙo, da sanin hukuma, kowa ya san asalinsa. Da muka ƙi, sai ɗan kamasho ya haɗa su a ɓoye ya karɓi kuɗi.

Ba mu da iko a kan kotun Ohio ko ta Faris. Muna da iko a kan zauren mai unguwa. Duk wanda ya zo da fom yana neman sunayen marayu a Jega ko Aliero ko Maiyama, ko Bature ne ko Balarabe ko ɗan unguwa mai babbar riga, ya fara nuna takardar izini daga ma'aikatar harkokin mata ta jiha, a kira ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma a tabbatar. A karanta wa mata abin da ke cikin takardar da Hausa, da babbar murya, a gaban mai unguwa da liman, a bar musu kwafi. Idan ya ce yaro zai kwana a wani wuri ko da dare ɗaya ne, a tambaye shi wane gari, wane gida, wa ke biya, kuma ranar da uwa ta ce a dawo mata da ɗanta wa za ta kama. Wanda ya fusata da waɗannan tambayoyin, hukumar NAPTIP aka kafa dominsa tun 2003.

Mu kuma 'yan ƙungiyar marubuta da muka tsaya muna kallo ranar da mata suka yi layi, mun koma mun nemi matan. Mun sami goma sha ɗaya. Ko ɗaya ba a bar wa kwafin abin da ta dangwala ba, lambar wayar da mutumin ya bari kuma tun ranar ba ta shiga.